Tsawo Kaɗai Bai Cafko Mini Ƙwallo Ba

Ranar da na sauka Amurka don karatu da wasan ƙwallon kwando, babban jarina shi ne tsawona, ƙafa 6 da inci 9. A Zariya inda na taso, duk filin da na shiga ni ne dogon wurin. In aka jefa ƙwallo ta ƙi shiga, ta bugi ƙarfen kwando ta dawo, hannu kawai nake miƙawa in ɗauke ta a saman kawunan mutane. Wannan cafkewar ita 'yan wasa ke kira ribawun, kuma saboda ita wata ƙaramar kwaleji ta ba ni gurbi.

Wata guda da fara atisaye, takardar ƙididdigar da mataimakin koci ke liƙawa a bango ta soma hana ni barci. Akwai wani abokin wasanmu da bai wuce ƙafa 6 da inci 4 ba, mai faɗin ƙirji da kaurin cinya, kullum sunansa na saman nawa. Na ba shi inci biyar cur, amma ya fi ni kwasar ƙwallo. Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin aikin da aka ɗauko ni daga uwa duniya in yi ke nan.

Koci bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya kunna bidiyon wasanmu, ya ce in manta da ƙwallo in kalli ƙafafuna. Abin da na gani har yau yana idona. Da mai jifa ya saki ƙwallo sai kaina ya ɗaga sama, ina bin ta da ido, ƙafafuna na jan ni a hankali har ƙarƙashin kwando, wurin da ba abin da ke faɗowa sai ƙwallon da ta riga ta shiga. Shi kuwa abokin nawa, a wannan daƙiƙar, kau da kai yake yi daga ƙwallon. Sai ya nemo abokin hamayyar da yake tsaro, ya juya masa baya, ya rage tsawo, ya dasa masa ƙugu a cinya, ya buɗe hannuwa. Kafin ƙwallo ta taɓa ƙarfe ya riga ya mallaki fili kamar faɗin tabarma a gabansa. Wanda aka tokare wa cinya ba ya iya tsalle, ko da ya kai rimi tsawo.

Daga nan koci ya ba ni littafi da biro, ya ce in bi wasanninmu in rubuta inda kowace ƙwallo ta faɗo da inda aka kama ta. Bakin kwando ƙafa 10 yake daga ƙasa, kuma da na ɗauka can sama ake yin rabon. Ashe yawancin waɗanda na rubuta a ƙasa da kwando aka cafke su, wasu daidai kai, wasu a ƙirji, wasu ma sai da suka taɓa ƙasa. Na lura jifan da aka yi daga kusurwa yakan tsallaka ya faɗo ɗaya gefen, na nesa kuma yakan yi tsalle mai nisa ya wuce kan dogaye. Tun da aka ƙara nisan layin maki uku, wato layin da in aka jefa daga bayansa ƙwallo ta shiga ake ba da maki uku, a manyan kwalejoji a 2019, gajerun 'yan wasa masu zafin nama suna samun rabonsu a irin waɗannan ƙwallayen.

Abokin nan nawa shi ya fara ba ni labarin Charles Barkley, wanda ake rubuta tsawonsa ƙafa 6 da inci 6 alhali bai cika ba, amma shekara uku a jere ba wanda ya kai shi ribawun a rukunin jami'o'in kudu maso gabashin Amurka da ake kira SEC lokacin yana jami'ar Auburn. Na bi diddigi na tarar da Kenneth Faried na Morehead State, mai ƙafa 6 da inci 8, wanda a 2011 ya karya tarihin yawan ribawun a kwaleji na Tim Duncan mai ƙafa 6 da inci 11, ya gama da ribawun 1,673. Wanda ya fi burge ni shi ne Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango, tsawonmu ɗaya da shi. A kakar wasa ta 2021 zuwa 2022 a jami'ar Kentucky, in an yi matsakaicin lissafi, yana cafke sama da 15 a kowane wasa. In ka kalle shi za ka ga ba ya jira, kuma tsallensa na biyu yana zuwa kafin wasu su gama sauka daga na farko.

Na yi watanni ina koyon tokara. Ƙuguna ya yi tsami, gwiwoyina suka yi ta ƙorafi, don dogon mutum ba ya son durƙuso. Na koyi kama ƙwallo da hannu biyu in kawo ta ƙarƙashin haɓa, gwiwar hannu a buɗe, maimakon in sauke ta ƙasa inda gajeru ke fizgewa. Sunana ya hau saman takardar kafin kakar wasa ta ƙare.

Sai dai ba zan yaudari kowa in ce tsawo ba komai ba ne. Mun haɗu da wata ƙungiya mai ɗan wasa da ya kai ƙafa 7, wanda shi ma ya iya duk abin da na koya. Na tokare shi yadda ya kamata, ya miƙo hannu ta saman kaina ba tare da ya taɓa ni ba, ya ɗan doki ƙwallo sama, ya sake dokanta, ya ɗauke. A daren nan na fahimci yadda Hakeem Olajuwon ya fi kowa ribawun a kwalejojin Amurka a 1984 yana Houston, da abin da ya sa Zach Edey na Purdue, mai ƙafa 7 da inci 4, ya gagari mutane. In dabara ta zo ɗaya, dogo ne ke ɗauka. Shi ma tsawon, na gane ba na kai ake nufi ba, na inda yatsu ke kaiwa ne. Da aka auna mu a tsaye hannu a sama, tazarata da abokina ba ta kai inci biyar ɗin nan ba, saboda hannuwansa dogaye ne.

Da na zo gida hutu, wani dattijo ya kawo mini ɗan ƙanensa filin wasa, yaro siriri da ya kusa kamo ni. Ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, Allah ya ba shi tsawo, a koya masa tsalle." Na ce, "To Baba, in sha Allahu." Na ajiye ƙwallo a ƙasa tsakiyar da'ira, na kira wani gajeren yaro mai ƙarfi na tsayar da shi a bayan dogon yaron, na ce wa dogon ya hana shi taɓa ƙwallon nan har in ƙirga biyar. Ban kai biyu ba gajeren ya zagaye shi ya ɗauke. Muka sake. Sai wajen karo na goma, ana kiran sallar magariba, ya durƙusa da kyau, ya dasa ƙugu, na ƙirga biyar ƙwallo na nan inda na ajiye ta.