Daga Majemar Damagaram zuwa Dandalin Nuna Tufafi

Motar Maradi ta tashi da mu bayan sallar asuba, muka bi kwalta ta Agye da Tasawa da Takeita, hantsi ya dubi ludayi muna cikin Zinder, wato Damagaram. Na zaɓi Laraba da gangan, don ran Alhamis ce babbar kasuwa, fata na shigowa daga ƙauyuka. Abin da ya kawo ni shi ne in ga inda jakar da ake ratayawa a dandalin nuna tufafi take fara rayuwarta.

Duk wanda ya san harkar ɗinki a Nijar ya san sunan Alphadi. An haife shi a Tumbuktu a 1957, ya koyi zanen tufafi a Faris, a tsakiyar shekarun 1980 ya fito da gidansa na kaya, a 1998 kuma ya kafa bikin nuna tufafin Afirka na FIMA cikin hamadar Tigidit kusa da Agadas. UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fannin fasaha a 2016. Abin da ya ɗaga gidan nasa kayan gida ne: saƙa, azurfar maƙeran Abzin, sai jemammiyar fata. Cinikin fata kuwa a Damagaram ya girmi wannan gida nesa ba kusa ba. A can zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma kan sauka a unguwar Zango, su ɗauki fata da gashin jimina su bi ta Agadas zuwa Tarabulus.

Ɗan kabu-kabu bai buƙaci kwatance ba, wari ne ya ƙarasa da mu majema. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Dattijon ya amsa, ya nuna mini dutse in zauna, hannunsa baƙi wuluk har gwiwa saboda ruwan bagaruwa.

Kafin fata ta ga ruwa sai ya ɗaga ta ga rana. Nan ake gane aikin mahauci. In wuƙa ta zarce wajen fiɗa, za ka ga wurin ya yi shara-shara kamar tsumma, kuma babu jimar da za ta gyara shi. In an shanya ta kan ƙasa cikin zafin rana, sama ta bushe ciki bai bushe ba, sai ta ruɓe a rami ta fito da huji. A ganina rabin asarar wannan sana'a tun a mahauta ake yin ta. Fatar jar akuyar Maradi ita ce aka fi nema, don fuskarta lumai take, ga kauri daidai, ga ƙwari. Ta tunkiya ta fi faɗi amma tana saurin yagewa a bakin ɗinki.

Busasshiyar fata tana kwana a ruwa ta yi laushi. Daga nan a tura ta ruwan toka kwana biyu zuwa uku, har gashi ya riƙa biyo yatsa. A shimfiɗa ta kan gungume a bi da kartaji, wato ƙarfen kankare fata, gashi ta wannan fuska, tsoka da kitse ta waccan. Sai ruwan kashin kaji ko na tattabara, wasu kuma ganyen fataka, don a kashe kaifin tokar. Wannan matakin ne mai gaggawa ke tsallakewa, fatar ta fito ƙandas, in ka lanƙwasa ta tsage. Mai sakaci kuma ya bar ta ta zarce, fuskar ta saɓule.

Bagaruwa ita ce uwar aikin. Ana daka busassun 'ya'yan a turmi, a tankaɗe ƙwallon, a jiƙa garin a kwatarniya. Ruwan farko tsararo ake so, wanda aka riga aka yi aiki da shi. In ka fara da mai ƙarfi, bayan fatar zai kame ya hana ruwa shiga, ciki ya zauna ɗanye. Ana cuɗawa, ana juyawa, ana ƙara sabon gari, kwana biyu ko uku ga fatar akuya. Baba ya yanki ɗan gefen wuya, inda ya fi kauri, ya miƙo mini: launin ƙasa-ƙasa ya ratsa daga fuska zuwa baya, babu farin layi a tsakiya. Wadda ke da farin layin nan, damina ɗaya ta ishe ta fara wari. Bayan an ɗauraye sai a shafa man gyaɗa kaɗan, a shanya a inuwa, a ja ta a murza har ta saki jiki.

Da la'asar na shiga Birni, cikin lungunan da ke tsakanin manyan duwatsu da gidaje masu zanko, wajen dukawa. Ja daga karan dafi yake, a daka a haɗa da ruwan kanwa, a shafa da tsumma, a bi da lemun tsami launin ya tashi. Baƙi kuwa kuloko ne, kashin maƙera da aka jiƙa. Da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa nan take ta rine, shi ya sa baduku ba ya ajiye fata kan ƙarfe mai tsatsa.

Matsalar da masu gidajen kaya ke kuka da ita na gan ta da idona. Zabira ɗaya ko tum-tum ɗaya, babu kamar baduku. Amma a ce jaka 50 launi ɗaya, girma ɗaya, sai ka tarar ja kala uku, don kowane kwaɓi da ƙarfinsa, kuma da ido ake aunawa. Maganin ba ɓoyayye ba ne: a rina fatun oda guda a kwaɓi guda, a yanka da ma'aunin kwali, a sa zik da maɓalli masu kyau, a goge rinin da ɗanyen farin ƙyalle kafin a ɗinka, kada ya zuba a rigar mai saye.

Ran Alhamis na leƙa Kasuwar Dole na sayi jajayen fatu biyu. Kowace sai da na ɗaga ta ga rana, na lanƙwasa kusurwa, na sansana, sannan na biya.