Yadda muka samo wa yaronmu suna

Tun ranar da aka yi sikanin aka ce mana namiji ne maganar suna ta hana ni sakat. 'Ya'yanmu uku duk mata ne Alhamdulillahi, kuma sunayensu basu bani wahala ba, ta fari sunan Hajiyarmu ta ci, ta biyu sunan surukata, ta ukun ma tun tana ciki an gama magana. Amma wannan kam zaɓi ya dawo hannuna, don Baba Allah ya ji ƙansa yayyena sun yi masa takwara har sau biyu. A gidanmu na cikin birnin Zariya nan wajen Ƙofar Doka idan Hajiya ta ƙwala kira tace Abba yara uku ne ke amsawa, ga Khalifa biyu ga Baffa, duk alkunya ce saboda ba mai iya kiran sunan yanka. Ni kuma ina son sunan da in an kira shi a rajistar aji shi kaɗai zai ɗaga hannu.

Toh sai muka shiga waya ni da maman yara, dare ya yi yara sun kwanta muna ta ƙona data. Zayyan, Ayan, Arman, Shayan, Aryan, gasu nan birjik, ita Arman ne ya kwanta mata. Abinda ya fara damuna shine suna ɗaya sai kaga wannan shafi yace ma'anarsa kaza wancan yace wani abu daban, kuma duk an jibge su wai sunayen Musulunci. Da na bi diddigi ashe Arman da Shayan Farisanci ne, Aryan kuma ta wajen Iran da Indiya ya fito, mu dai a finafinan Indiya kunnenmu ya saba da irinsu. Ban ce haramun bane, amma in yaron ya girma ya tambaye ni Abba waye mai sunana, me zan ce masa?

Ranar wata Asabar bayan la'asar na tafi unguwar Kona wajen malamin da na yi karatun littattafai a zaurensa. Na miƙa masa takardar da na jera sunayen, ya ɗaga tabarau ya duba ya ajiye akan buzu, yace "Ɗana, daɗin suna a kunne ba shine ba, ka san harshen da ya fito da abinda yake nufi da wanda ya taɓa amsa shi." Ya bani labarin Haznu kakan Sa'idu ɗan Musayyib da ke cikin Bukhari, Annabi (SAW) yace masa sunanka Sahlu, wato mai sauƙi, shi kuma yace ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba, Haznu kuwa ƙasa ce mai tauri da gargada, Sa'idu da bakinsa yace wannan taurin bai bar gidansu ba. Ya kuma ja kunnena akan masu buɗe Alƙur'ani su tsinci kalma kawai don ta yi musu daɗi, yace zanim ma ai tana cikin suratul Ƙalam aya ta 13 kuma kalmar aibu ce.

A zaman nan na sha mamaki wallahi. Ja'afar ashe ƙorama yake nufi, duk tsawon shekarun da muke jin labarin Sarkin Zazzau Ja'afaru wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959 ban taɓa sani ba. Ukasha gizo-gizo, Arƙam maciji mai dabbare-dabbare, Hanzala wani tsiro ne na sahara mai 'ya'ya kamar ƙaramar kankana ga ɗacin tsiya, amma duk sahabbai ne manya, mutanen ne suka ɗaga sunayen.

Biyu na dawo dasu gida, Mus'ab da Uwais. Mus'ab ɗan Umair shine wanda aka fara turawa Madina ya koyar da Alƙur'ani kafin hijira, ya yi shahada a Uhudu shekara ta 3 yana riƙe da tuta, ina sonsa har cikin raina. Sai dai da na gwada sunan a bakin Hajiya ta juya shi ta juya ƙarshe tace Musa dai kenan, na san haka za a yi ta fama har a takardun makaranta.

Uwais kuwa da farko maman yara ta ƙi, don na faɗa mata gaskiya ma'anarsa ɗan ƙaramin kyarkeci, tace haba Abban yara dabba fa kenan. Nace ai Usama da Haidar ma zaki ne, Larabawan da haka suke sa wa 'ya'yansu maza sunan namun dawa don jarumta. Sannan na bata labarinsa yadda ya zo a Sahihu Muslim. Mutumin Yaman ne daga dangin Ƙaran, ya yi zamani da Annabi (SAW) amma basu haɗu ba, ba shi da dukiya ba shi da muƙami, yana da uwa da yake yi wa biyayya, ya yi ciwon albaras Allah ya yaye masa sai ɗan wuri kamar faɗin dirhami. Annabi ya kira shi mafificin tabi'ai, yace wa Sayyadina Umar in ya same shi ya roƙe shi ya nema masa gafara, Umar guda! Da Umar ya zama halifa duk ayarin da ya zo daga Yaman sai ya tambaye su ko Uwaisu na cikinsu har ya dace, da ya nemi ya rubuta wa gwamnan Kufa takarda akansa yace a'a, ya fi son zama cikin talakawa. Ina gamawa naga tana share ido da bakin mayafi. Ni na san wahalar da ta sha a cikin nan, wata biyu ƙafafunta a kumbure ko takalmi baya shiga, kuma abinda nake roƙa mata kenan, ɗan da zai riƙe ta. Hajiya ma bata yi gardama ba, tace ai sunan ba baƙo bane a Zazzau, ga marigayi Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais ɗan garin nan da ya riƙe Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006.

Amma fa tun a asibiti da nas ta miƙo wa Hajiya shi a zani ita Tanko ta kira shi, namiji bayan mata. Abin ya tsaya min a rai, muna can muna tono a intanet alhali sunayen da suka fi ƙaranci yanzu namu ne na gida. Yaushe rabonka da jin jariri Nomau, ko Shekarau wanda ya daɗe a ciki, ko Audi da aka haifa bayan rasuwar uba, ko Ajuji? Kowanne labarin haihuwar yaron ne a kalma ɗaya, kuma sarakunan ƙasar nan sun amsa irinsu, su Jatau da Makau da Kwasau. Yanzu sai ace ƙauyanci ne, wannan kam yana min ciwo.

Ranar suna da sassafe liman ya raɗa Uwaisu, aka shafa fatiha aka raba goro da dabino, aka kayar da rago a ƙofar gida, wanzami ya shiga ciki da zabirarsa. Da na je karɓar takardar haihuwa nace a rubuta duka biyun, Uwaisu Tanko. Yayyensa mata kuwa sun bi bakin kakarsu, tun da asuba zaka ji ƙaramar tana leƙa gado tana cewa Umma Tanko ya tashi.