Kilishin Tahoua da ciniki ta waya

Kilishi nake yi a Tahoua, sana'ar gidanmu ce tun kakanni, kuma yau akwai samari da ke ci a ƙarƙashin rumfata. A zamanin mahaifina cinikinmu tasha yake bi. Matafiyi zai tashi zuwa Yamai ko Agadez, ya tsaya ya sayi tsaraba, shi ke nan sai wata tafiyar. Yanzu kuwa yawancin abin da muke gasawa an riga an biya kuɗinsa ta waya kafin ya sauka daga wuta.

Abin da nake nunawa a shafinmu na intanet shi ne aikin da kansa. Da sassafe nama ke zuwa daga mayanka, cinyar sa mai tsoka zalla, na dabbobin da ake kawowa daga kasuwannin Abalak da Badagishiri. A cire kitse da jijiya, a sa wuƙa a yi ta buɗe tsokar har ta zama sala mai faɗi, siririya, a shimfiɗa a kan asabari rana ta busar. Sannan a dama labu: tunkuza, albasa, citta, kanumfari, masoro, barkono da gishiri. A tsoma, a sake shanyawa, da yamma a gasa a kan garwashi. Ja ke nan, ko fari ga wanda bai son yaji da yawa. Rumuzu shi ba ya shiga labu, mai da gishiri da ɗan kayan ƙamshi ne kawai. Duk wannan ɗan ƙanena, wanda ke karatu a jami'ar garinmu, yakan ɗauke shi a bidiyo gajere, ba kiɗa, ba ado. Na lura mutumin da ke nesa tsabta ce babbar damuwarsa, don kowa ya san nama da ƙuda. Shi ya sa nake so kyamara ta tsaya a kan ragar da muke lulluɓe shanya da ita, da hannun yaron da ke wanke wuƙa, fiye da kan tulin kilishin da aka gama.

Kowane dandali da irin aikinsa. TikTok yana kawo ƴan kallo, da yawansu matasa ne masu yabo su wuce. Facebook nan ne baƙo ke fara ganinmu, kuma nan ɗan ƙanen nawa ke rubuta bayani da Hausa da Faransanci saboda ma'aikatan Yamai. Amma ciniki a WhatsApp yake faɗawa. Hoton da na sa a sitatu awa 24 yake yi ya ɓace, kuma hakan ya yi daidai da sana'armu, don kayan yau nake tallatawa. Wanda ya gani ya san yanzu yana nan.

Babban abin da ya riƙe mini mutane shi ne murya. Da yawa daga cikin masu sayena ba su rubutun boko, wasu kuma sun iya amma ba su yarda da ciniki ba tare da an gaisa ba. Saboda haka saƙon murya ne ke zuwa, ni ma da murya nake amsawa, kuma ban bar wa yaro wannan aikin ba. Akwai wata dattijiya a Yamai da ke aiko wa kusan kowane ƙarshen wata. Sai ta fara: "Malam, ina kwana, ina gajiya, ina iyali? Mi ke akwai yau?" In ce, "Lafiya lau Hajiya, ranki shi daɗe. Akwai ja, akwai rumuzu, amma farin sai gobe, bai gama shan rana ba." Ta ce a sa mata na jikka 10, wato sefa dubu 10, a rage yaji saboda Alhaji. Irin wannan bayani, cewa maigidanta ba ya son yaji, yana cikin littafina a gaban sunanta. In wata ya zagayo ba sai ta maimaita ba, ni zan tambaye ta jikin Alhaji. Saƙon da na'ura ke maidawa da kanta yana da amfani da tsakar dare, ya ce mun gani za mu amsa da safe, amma iyakarsa ke nan.

Akwai ɗabi'ar da ta yi yawa a shafukan ƴan kasuwarmu wadda ba na so ko kaɗan: a sa hoton kaya, a ɓoye kuɗi, wanda ya tambaya a ce ya biyo ta bayan fage. Mai saye yana fassara wannan da cewa za a dubi hotonsa ne a yanka masa farashi. Ni ina rubutawa a fili, ƙunshin jikka 2, na jikka 5, na jikka 10, kuɗin mota daban. Idan shanu sun yi tsada, sai in fito in faɗa da bakina cewa ƙunshi zai ɗan ragu, ga dalili. Wasu abokan sana'a sun ce ina tona asirin kasuwa. Ni dai na ga mutum ya fi saurin aiko kuɗi idan ya san abin da ɗan'uwansa ya biya shi ma shi zai biya.

Mu Adarawa, ƴan wannan yanki na Tahoua, mutanen tafiya ne, kowa ya sani. Da wuya ka sami gida a nan da ba shi da wani a Abijan, ko Libiya, ko Kamaru, ko Legas. Waɗannan su ne waya ta buɗe mini ƙofarsu. Wani zai kira daga Abijan ya ce a haɗa masa kilishi a ba wani ɗan garinsu da zai taso. Wani kuma ba don kansa yake saye ba, cewa zai yi a kai wa tsohuwarsa a ƙauye, ko a kai gidan surukai ranar suna. In an kai, nakan sa yaro ya ba tsohuwar waya ta yi magana, in tura wa ɗanta muryarta tana sa masa albarka. Mutumin da ya ji wannan, a rukunin ƴan garinsu zai ba da lambata ba tare da na roƙe shi ba.

Aika kaya yana da nasa tsari. Mukan naɗe kilishi a takarda bayan ya huce sarai, don in aka rufe shi da zafi a leda gumi zai yi. A sa a kwali, a rubuta suna da lamba da babban alƙalami, a kai tashar manyan motoci da dare. Motar asuba ta bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar sama da kilomita 500, da la'asar ko magariba kaya na Yamai. Ina ɗaukar hoton kwalin da rasit in tura nan take. Kuɗi kuma ta kamfanonin aika kuɗi, Nita ko Amana, ko ta Airtel Money suke zuwa. Ƙa'idata ɗaya ce: hoton rasit ba ya fitar da kaya, sai na ga kuɗi sun shigo a wajena, don akwai masu gyara hoto su turo.

Damina ita ce jarrabawar mai kilishi. Hadari ya taso, rana ta ɓuya, nama ba ya bushewa yadda ya kamata, kuma wanda ya gasa shi da danshi ya aika nesa, kafin ya isa ya canja. A irin ranakun nan ba na sa tsohon hoto. Hoton sama nake sawa, in ce jama'a a yi haƙuri sai ta washe. Haka in wani ya rubuta ƙorafi a ƙarƙashin hoto, cewa kayansa sun makara ko gishiri ya yi yawa, ba na sharewa. Ina amsa masa a nan inda kowa ke gani, sannan in kira shi mu daidaita.

Duk da haka ban taɓa ɗora dukiyata gaba ɗaya a kan waya ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. A 2023 kuma, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, cajin waya kansa ya zama aiki, sai da na sayi ƙaramin faifan sola. Ga kuma ɓarayin lamba, masu kira su ce ka karanto musu lambobi 6 da suka shigo maka, kana faɗa sun ƙwace WhatsApp ɗinka, su shiga karɓar kuɗi da sunanka. Na gargaɗi yarana a kan wannan, na kuma sa lambar sirri ta biyu. Sunan kowane mai saye, da garinsa, da lambarsa, da irin kilishin da yake so, suna cikin littafi a akwati.

Abin da nake tara wa kuɗi yanzu shi ne injin da ke zuƙe iska ya liƙe leda. Ƴan Abijan sun dame ni da maganarsa, don tafiyarsu kwanaki ce, kuma takarda ba ta riƙe ƙamshi har can. Na tambayi farashinsa a Yamai da Kano, in Allah ya yarda kafin azumi zan kawo shi.