Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Lokacin da 'yar fari ta zama bakina

Makon jiya mun tsaya a inda Hajiya, 'yar ƙasar Gine mai shagon kitso, ta ba ni kujera a titi na 125 da ke unguwar Harlem, a birnin New York na Amurka. Kullum da sassafe nakan hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai harafin D daga Bronx, ba na komawa gida sai bayan isha'i.

Kitson kansa bai ba ni wuya ba, tun a Damagaram na ƙware. Ciniki ne matsalar. Mace za ta zauna ta faɗi irin wanda take so, in na ce ta maimaita sai ta ɗaga murya kamar da kurma take magana, ko ta juya wajen Hajiya ta ce, "Wannan tana ganewa kuwa?" Ina tsaye a kanta, gashinta a hannuna. Ni da ke jin Hausa da Zabarmanci, na yi Faransanci a lakwal, na sauke Alƙur'ani, ga shi Turanci ɗaya ya mayar da ni doluwa. Ba duka ba ne, a gaskiya. Akwai wata tsohuwa Ba'amurkiya da takan bi ni a hankali har in gane, Allah ya saka mata.

Da muka shiga neman gida, in na buga waya sai a ce an riga an kama. Wata rana na miƙa wa 'yata wayar, ta kira lambar da aka sallame ni da safe. Da Turancinta na makaranta, nan take aka ce a zo a duba ɗakin.

Daga nan komai ya koma wuyanta: takardar wuta, wasiƙar makaranta, rigima da mai gidan haya. Shekararta goma sha ɗaya, kuma 'yar fari ce. Kun san al'adarmu, ko sunanta ba na faɗa, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan".

Ranar da ciwon mara ya kai ni asibiti, da ita na je. Ma'aikaciyar jinya ba ta ko dube ni ba, yarinyar take ta yi wa tambayoyi tana danna kwamfuta. Can sai na ga 'yar tawa ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Mama, wai... yaushe rabonki da ganin al'ada?"

Na ce, "Ce mata ban tuna ba."

Na tuna sarai. Ta yaya zan buɗe baki in faɗa wa 'yar fari wannan? Haka aka sallame ni da maganin rage raɗaɗi, ciwon na nan daram.

Sai daga baya wata malama a ajin Turanci na manya, wanda ake yi kyauta a ɗakin karatun unguwarmu, ta fahimtar da mu cewa tafinta haƙƙinmu ne. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana duk wurin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasa, kuma da ita ake kafa hujjar samar da tafinta a asibiti. Birnin New York ma ya yi tasa dokar a 2017, ya ware harsuna goma da hukumominsa za su riƙa fassara takardu da su. Akwai Faransanci da Larabci, babu Hausa. A watan Maris na 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin da ya mayar da Turanci harshen gwamnatin Amurka, abin da ya tayar wa mata da yawa hankali a shagonmu.

Na koma asibitin ni kaɗai, da 'yar takardar da malamar ta rubuta mini cewa ina buƙatar tafinta. Aka haɗa ni da wani ta waya, Faransancinsa kamar ana zazzaga tsakuwa, rabi nake kamawa. Duk da haka a ranar aka tura ni hoton ciki.

Abin da hoton ya nuna, da yadda Malam ya karɓi labarin daga gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.