Tsofaffin kyamarorin Jamus da nake tarawa (a'a, ba Leica ba)

Duk wanda ya ji ina tara tsofaffin kyamarorin Jamus, in dai ya ɗan san harkar hoto, tambayar farko ita ce wai kana da Leica? Ba ni da ita, kuma gaskiya ko a lissafi ban sa ta ba. Leica kam ta ci sunanta, Oskar Barnack ne ya ƙera ta a kamfanin Ernst Leitz da ke Wetzlar, ta shiga kasuwa a 1925, to amma a 2022 an yi gwanjon ɗaya daga cikin na gwajin farko mai lamba 105 aka saye ta yuro miliyan 14.4, ka ga ai wannan ba layinmu ba ne.

Ni nawa su ne waɗanda talakan Jamus ya riƙa saye bayan yaƙin duniya na biyu, musamman shekarun 1950 zuwa 1960, don ya ɗauki iyalinsa ranar hutu. Su Agfa Silette, Voigtländer Vito, Kodak Retinette, Braun Paxette, Zeiss Ikon Nettar da ire-irensu. Abin da ya haɗa su shi ne tagar leƙe kawai gare su, wata 'yar taga ce a sama da za ka sa ido ka ga iya abin da zai shiga hoton, shi kenan aikinta, ba za ta gaya maka hoton ya fita tas ko ya yi dishi-dishi ba. Nisa kai za ka kintata da idonka, ka ce wannan mutumin zai kai mita uku, sai ka murza zoben gaba zuwa 3. Wasu ma da ƙafa aka rubuta ba mita ba, waɗanda aka yi don kasuwar Ingila da Amurka kenan, sai ka kula. Mutane na ganin wannan a matsayin naƙasa shi ya sa har yau suke da araha, ni kuwa nan ne daɗin yake, kuma tunda babu tarkace da yawa a ciki abin lalacewa ma kaɗan ne.

In ka ɗauki ɗaya kar ka tsaya a sunan da ke jikinta, duba rubutun da ke zagaye da gilashin gaba. Kamfani ɗaya zai fitar da jiki iri ɗaya amma ido daban-daban gwargwadon aljihun mai saye. A wajen Agfa, Agnar shi ne na ƙasa, Apotar na tsakiya, Solinar na manya. Zeiss kuma Novar ne mai sauƙi, Tessar mai tsada, wanda Paul Rudolph ya tsara tun 1902. Haka shota, wato abin da ke buɗewa ya rufe in ka danna, yawanci ba masu kyamarar ke yin ta ba, ko dai Compur ce ta kamfanin Deckel a Munich ko Prontor da ƙannenta Pronto da Vario na Gauthier a Calmbach. Silette mai Solinar da Compur da Silette mai Agnar da Vario sunan ne kawai ɗaya.

Wadda na fi so duk cikinsu Vito B ce, ta 1954. 'Yar ƙarama ce amma in ka ɗaga sai ka ji nauyi, ƙarfe ne zalla da gilashi, idonta Color-Skopar kuma wallahi hoton da yake fitarwa ba ya jin kunyar na kowa. Tana da wata ɗabi'a da ke sa masu sayarwa su yi asara: in babu fim a ciki ba ta ɗaukar hoto, ko ka ja hannun jan fim sau nawa ka danna shiru, saboda ramukan gefen fim ɗin ne ke juya wani ɗan gargare mai haƙora a ciki, shi ke ɗana shotar. Sai ka ga an sa ta a intanet an rubuta ta lalace ana neman kai da ita. Buɗe bayan, ka sa yatsa ka juya gargaren nan a hankali har ka ji ƙas, sannan ka danna, sau da yawa lafiyarta lau. Wajen sa fim ma abin kallo ne, wani ɗan murfi ke fara buɗewa ta ƙasa kafin bayan ya buɗe.

Agfa Isolette kuwa mai naɗewa ce, ka danna maɓalli gabanta ya faɗo zuga-zugi ya miƙe kamar na maƙera, tana cin fim 120 mai ba da hoto 12 murabba'i. Matsalarta biyu kuma duk mai tarawa ya san su. Giris ɗin da Agfa suka sa a zoben nisa da ya tsufa sai ya koma kore ya daskare, zoben ya ƙi motsi sam, in ka sa ƙarfi ko filaya sai dai ka yi ɓarna, haƙuri ake yi a jiƙa shi a narkar a goge a sa sabo. Na biyu zuga-zugin, kusurwoyinsa na hujewa. Shiga ɗaki mai duhu ka buɗe bayan ka cusa tocilan ciki, in ka ga ɗigo-ɗigon haske na fita ta gefe to haka hasken zai shiga ya ɓata maka fim. Na Zeiss Ikon sun fi juriya a nan, shi ya sa in sabon shiga ya tambaye ni nake cewa ya fara da Nettar.

Retina mutane na ɗauka 'yar Amurka ce saboda sunan Kodak, alhali a Stuttgart aka yi ta a masana'antar August Nagel da Kodak ta saya, ta fito 1934 tare da ɗan gwangwanin fim 135 ɗin nan da har yau shi ake amfani da shi. Hoton Tenzing Norgay a ƙololuwar Everest a 1953 da Retina Edmund Hillary ya ɗauka. Ita dai kar ka matsa ƙofar gabanta in ta ƙi rufuwa, mayar da zoben nisa ƙarshensa na can nesa tukuna.

Ɓangaren Jamus ta Gabas ma akwai kaya, ni Werra ce ta tafi da ni, ta Carl Zeiss Jena, 1954, ta farkon koriya ce launin kakin soja, samanta fayau ba komai sai maɓallin dannawa, in za ka ja fim zoben da ke gindin idon za ka murɗa. Baƙo in ka miƙa masa sai ya yi ta jujjuya ta yana neman hannun.

Mafi tsada a irin waɗannan ita ce Rollei 35 ta 1966, wadda Heinz Waaske ya tsara, tana shiga aljihun riga. Daga 1971 aka mayar da ƙirarta Singafo, don haka masu rubutun ƙirar Jamus sun fi kuɗi, ko da yake a hoto ni ban ga wani bambanci ba, son zuciyar masu tarawa ne kawai. Lokacin ma kayan Japan sun riga sun cinye kasuwa, Zeiss Ikon ta daina yin kyamara a 1972, sunan Voigtländer kuma yau Cosina ta Japan ke ƙera kaya da shi.

Ajiya a wajenmu sai an dage. Da damina fumfuna ke kama gilashi ta ciki, ka ga wasu zare-zare farare, in ta daɗe tana cin gilashin ba ya gyaruwa. Jakar fatar da suke zuwa da ita kyakkyawa ce amma ita ke riƙe danshi, cire kyamarar ka sa a roba mai murfi da 'yan ƙullin silika. Da hunturu kuma ƙura, kar ka goge ido da bakin riga, hure ƙurar tukuna. Akwai kuma ɗan hannun nan mai jinkirta ɗauka don mai kyamara ya ruga ya shiga hoto, don Allah kar ka taɓa shi a tsohuwar da ba a wanke ba, in ya maƙale a tsakiya shotar gaba ɗaya ta tsaya.

Kuma a riƙa sa musu fim, zama ne ke kashe su, man ciki ya bushe ƙananan gudun shotar su fara ja. Na san fim ya yi tsada kuma masu wankin dodon hoto sun yi ƙaranci sosai, ni baƙi da fari nake saye ina wankewa a gida. Ba sa buƙatar batir, mitar haske ma yawancinsu babu, masu ita kuma yawanci ta selenium ce da galibi ta mutu. In rana ta take, sa ƙofar haske, wato ramin cikin ido da ake ƙara wa faɗi ko a rage, a 16, gudun shota kusa da lambar fim ɗinka, fim 100 ka sa 100 ko 125, zoben nisa a wajen mita biyar, kusan komai daga 'yan taku kaɗan zuwa can nesa zai fita. In ka shiga inuwa ka buɗe zuwa 8 ko 5.6, a nan ne kuma kintacen nisan zai fara tambayarka.