Yankari: Masu kwana a daji saboda giwa

Daga Bauchi muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karya dama, muka miƙe har Mainamaji inda ƙofar gandun dajin Yankari take. Nan aka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, ba gari ba ƙauye, sai itatuwa da gwaggon birai da ke zaune tsakiyar titi, ba sa tashi sai mota ta zo dab da su.

Rani muka je, kuma shi ne lokacin zuwa, domin ciyawa ta bushe, dabbobi na gangarowa bakin kogin Gaji shan ruwa. Washegari da sassafe aka haɗa mu da wani ma'aikacin gandun daji, dattijo mai kaki da bindiga a kafaɗa. Na ce, "Baba, ina kwana, ya aiki?" Ya ce, "Aiki da godiya, ɗana." Bai ƙara komai ba sai da muka yi nisa, ya bubbuga jikin mota direba ya tsaya. Ya sauka, ya duba kashin giwa a gefen hanya, ya tona shi da tsinke, ya ce ba su jima da wucewa ba. Ni dai ban ga komai ba sai rassan da aka kakkarya. Muka ga gwanki da gwambaza da mugun dawa, can kuma bayan mun zagaya fadama sai ga giwayen suna ƙetarawa, uwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya.

A hanyar dawowa ne bakinsa ya buɗe. Rakiyar baƙi, in ji shi, hutu ce a wurinsu. Ainihin aikin shi ne sintiri: a fita ƙungiya-ƙungiya a ƙasa, da garin rogo da ruwa a baya, a yi kwanaki ba a ga gida ba. A cire tarkon waya, a rushe bukkar mafarauta, a kora shanun da aka shigo da su kiwo, ga ƙudan tsando, ga maciji. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma babu katanga. Akwai abokan aikinsu da maharba suka kashe a bakin aiki, suka bar mata da yara.

Tun 1956 aka keɓe Yankari, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na tarayya, a 2006 ya koma hannun gwamnatin Bauchi. Akwai shekarun da masu neman haure suka yi wa giwayen ɓarna sosai. Daga 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shigo ta kama wa jihar wajen tsara sintiri da horo da alawus, aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, ta yadda za a san inda garke ya dosa. Kisan ya ragu ƙwarai.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mutanen ƙauyukan gefen daji da suka yarda su zama masu sa ido kan giwa. Ba kaki gare su ba, ba bindiga. In garke ya fito ya nufi gonaki, su ne ke buga waya a zo a kora shi tun bai shiga ba. Wanda bai taɓa noma ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Giwa kan cinye gonar dawa a dare ɗaya, mai gonar kuma maƙwabcinka ne, ko surukinka, kai kuma kana ba shi haƙuri a madadin dabbar da ta bar iyalinsa da yunwa. Sai mai ƙarfin zuciya. A ganina, in dai ba a biyan manoman nan diyyar da ta dace, nauyin da aka ɗora wa masu sa idon ya yi yawa.

Da yamma muka gangara ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Jama'a sun cika shi, ana ta hoto. Kogunan dutse na Marshall kuwa ba mu samu zuwa ba.

Da safe da za mu fita, mun tarar da wata ƙungiyar sintiri tana loda kaya a bayan akori-kura. Ranar 31 ga Yuli ce duniya ta ware don tunawa da irinsu, amma wanda na tambaya abin da suka fi bukata bai ambaci biki ba. Takalma masu ƙwari ya ce, da albashi kan lokaci.