Gargaɗin Perl da gurbin bashi a lissafin shagon Kawu

Perl, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ba ya tsayawa idan ya ci karo da mazubin ajiyar bayani da babu komai a cikinsa. Sai ya ɗauke shi a matsayin sifili, ya ci gaba da lissafi, in ka kunna `use warnings` kuma ya rubuta maka gargaɗi. Wanda ya riƙa fito mini shi ne "Use of uninitialized value $bashi in addition (+)", a cikin ƴar manhajar da nake haɗa lissafin shagon hatsin Kawu da ita a kasuwar Maraɗi.

Abin ya ɗaure mini kai, domin tun a saman manhajar na sa wa mazubin `$bashi` sifili. Kuma ba kowane layi ke jawo shi ba, wasu buhunan gero da wake su wuce lafiya, wasu su yi ƙara.

Yaron shago yana shigar da ciniki a Excel: sunan mai saye, buhu nawa, kuɗi, sai bashi a ƙarshe. Da yake kwamfutar a Faransanci take, fayil ɗin CSV da Excel ke fitar wa manhajata yana raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Na sa manhajar ta buga kowane layi tare da adadin guraben da ta samu, nan take abin ya fito fili: wasu huɗu, wasu uku. Ashe `split`, umarnin da ke yanka layi zuwa gurabe, idan ka zuba sakamakonsa a jeri kamar `@f` ba ka faɗa masa iyaka ba, zubar da guraben ƙarshe yake yi matuƙar babu komai a ciki. Saboda haka `$f[3]`, wato gurbi na huɗu na bashi, babu shi sam, kuma da na kwafe shi zuwa `$bashi` sai ya share sifilin nan nawa. Ƙara `-1` a ƙarshen `split` yana riƙe guraben.

Wani abokina ya ce in rubuta `// 0` kawai, alamar da ta zo da Perl 5.10 a 2007 mai sa sifili inda babu komai, gargaɗin ya yi shiru. Zai yi shirun, amma ban yarda ba. Sifili na nufin mutum ya biya duka. Gurbin da aka bari fayau yana iya nufin yaro ya manta ne lokacin da masu saye suka yi masa yawa, alhali wani ya tafi da buhu biyu da alkawarin sai ranar kasuwa. Wannan dukiyar Kawu ce, kuma haƙƙi ne a wuyan mai bashin.

Yanzu manhajar tana ware irin waɗannan layukan gefe guda, ba ta sa su a jimla. Na buga su a takarda na kai masa.

"Kawu, waɗannan ba a rubuta ko sun biya ba."

Ya ɗauko littafinsa na hannu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun biya, amma akwai wani mai ragowar jika goma sha biyar da ba ta shiga kwamfuta ba.